Injin Ƙyanƙyasa da Kazar Kwanci: Abin da Ya Kamata a Sani Kafin a Zuba Ƙwai

Ƙyanƙyasar ƙwai a gida ta zama abin yayi a biranen Arewacin Nijeriya cikin 'yan shekarun nan, musamman tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, lokacin da tsadar rayuwa ta tilasta wa matan aure da ƙananan ma'aikata da matasa laluben sana'ar da za a iya yi a tsakar gida ba tare da babban jari ba. Masu sayar da injin ƙyanƙyasa, wato akwatin da ke riƙe ƙwai cikin ɗumi har ɗan tsako ya fito, sun cika Facebook da WhatsApp da talla, suna nuna hotunan 'yan tsaki suna wutsil-wutsil, suna kuma lissafa ribar da mai saye zai riƙa kwasa duk bayan sati uku. Koken da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne a ko'ina: an cika inji da ƙwai, an yi dakon kwanaki 21, an tashi da 'yan tsaki ƙalilan, sauran kuwa duk baragurbi, wato ƙwan da ya lalace bai ƙyanƙyashe ba. Daga nan sai a ɗora laifin a kan injin ko a kan wanda ya sayar da ƙwan, wasu ma su ce kambun baka ne. Abin da wannan maƙala ke son tabbatarwa shi ne, mafi yawan asarar tana faruwa ne saboda an sayi na'ura kafin a fahimci aikin da aka ƙera ta don ta kwaikwaya, aikin kuwa na kazar kwanci ne, wadda ake neman a raina ta alhali har gobe ita ce ta fi dacewa da yawancin gidaje.

1. Aikin da kaza ke yi a kan ƙwai

Kwanci shi ne halin da kaza ke shiga idan ta gama saka, ta daina yawo, ta kumbura gashi, ta lafe a gurbi dare da rana, ba ta tashi sai sau ɗaya ko biyu a yini don ta ci ta sha ta yi birgima a turɓaya. Mai kallo daga nesa zai zaci zama kawai take yi, amma ayyuka huɗu take gudanarwa a lokaci guda. Zafin jikinta, wanda ya kai kimanin digiri 41 a ma'aunin Selshiyas, yana isa ga ƙwan ta fatar ƙirjinta inda gashi ya zube. Da baki take mirgina ƙwayayen sau da yawa a rana, tana shigo da na gefe tsakiya, tana fitar da na tsakiya gefe. Jikinta da ƙasar gurbin suna tsare danshi. Tashin da take yi kuma yana sabunta iskar da ɗan tayin ke shaƙa ta ɓawo. Duk injin da aka ƙera, komai tsadarsa, waɗannan abubuwa huɗu yake ƙoƙarin samarwa, kuma idan ɗaya ya kuskure sauran ukun ba su rufa masa asiri.

Ɗan'adam ya daɗe da gano haka. Mutanen Masar sun shafe fiye da shekaru 2,000 suna ƙyanƙyashe dubban ƙwai a ɗakunan tubali da ake ɗumamawa da wuta mai ci a hankali, kuma masu sana'ar, waɗanda suke gadonta daga iyaye, sukan auna zafin ƙwai ta hanyar ɗora shi a kan fatar ido, sannan su juya ƙwayayen da hannu ɗaya bayan ɗaya. A Faransa, masanin kimiyya Réaumur ya wallafa littafi kan wannan fanni a 1749, inda ya shigo da amfani da ma'aunin zafi. Waɗannan mutane ba su da lantarki, sanin ƙwai ne jarinsu.

Kowane tsuntsu da adadin kwanakinsa. Ƙwan kaza yana ɗaukar kwanaki 21, na zabuwa 26 zuwa 28, na talotalo 28, na salwa 17 zuwa 18, yayin da na agwagwar gida, irin mai jar fata a fuska, yake kai wa kwanaki 35. Wanda ya haɗa su a inji ɗaya rana ɗaya ya jefa kansa cikin ruɗani, domin ranar da wasu ke buƙatar a daina juya su ita ce ranar da wasu ke tsakiyar buƙatar juyi.

2. Ƙwan da ake zubawa

Nan ne asara ta fi yawa, nan ne kuma aka fi sakaci. Ƙwan gidan gona da ake sayarwa a kiret don ci ba ya ƙyanƙyashewa ko da zai shekara a inji, saboda kajin da suka saka shi ba a ajiye su tare da zakara. Ƙwan ƙyanƙyasa dole ne ya fito daga garken da zakara lafiyayye ke bi, kuma abin da masana kiwo suka fi yarda da shi shi ne zakara ɗaya ga kaji takwas zuwa goma. Idan zakaran ya tsufa, ko kajin sun yi masa yawa, ko kuma shi da kajin duk tsatso ɗaya ne shekara da shekaru ba a taɓa canza jini ba, ƙwai marasa tayi sukan yawaita, waɗanda suka fito kuma su fito da rauni. Abincin uwa ma yana da hannu, domin ɗan tayi ba shi da wani guzuri sai abin da kaza ta zuba a gwaiduwa da farin ƙwai, kuma kazar da ta rayu a kan dusa zalla ba ta da abin zubawa mai yawa.

Bayan asali sai zaɓe. Ƙwai matsakaici ake so, mai siffa ta al'ada, mai santsin ɓawo, wanda bai tsage ba kuma kashi bai ɓata shi ba. Mai girma fiye da kima sau da yawa gwaiduwa biyu gare shi, irinsa kuwa ba kasafai yake fita ba. Ba a wanke ƙwan ƙyanƙyasa. Ɓawon ƙwai yana da dubban ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, waɗanda iska ke shiga ta cikinsu, kuma kaza tana lulluɓe shi da wani siririn rufi da ke hana ƙwayoyin cuta ratsawa, ruwa kuwa yana wanke rufin nan, ya tura datti ciki. Idan akwai ɗan ƙazanta, busasshen ƙyalle ya isa.

Matsalar da ta fi shafar ƙasar Hausa ita ce ta ajiya. Ƙa'ida ita ce kada ƙwai ya wuce kwana bakwai kafin a zuba shi, a ajiye shi tsininsa ƙasa, a wuri mai sanyi-sanyi. Dalili shi ne ɗan tayi yana fara motsin girma da zarar zafi ya haura digiri 25 ko makamancin haka, alhali a Sakkwato da Maiduguri da Damagaram zafin bazara yakan wuce digiri 40 tsakanin Maris da Mayu. Ƙwan da aka tara a kwano cikin ɗakin kwano a irin wannan lokaci yana fara girma da rana, ya tsaya da dare, ya sake farawa washegari, har ya galabaita ko ya mutu tun bai ga inji ba, mai shi kuma ba zai sani ba sai bayan makonni. Dabarar tsofaffi ta ajiye ƙwai a gindin randa, inda yashi ke da laima, tana da tushe mai ƙarfi. Haka nan tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda malamin makarantar nan na Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000, tana iya rage zafi sosai a lokacin rani, muddin ruwa bai taɓa ƙwan ba. Firij kuwa sanyinsa ya yi yawa.

Ƙwan zabi na kasuwa, wanda mutane ke rububi da damina saboda araha, ya haɗa duk waɗannan illoli: an tsinto shi a jeji ba a san ranar da aka saka shi ba, ya sha rana a faifai, ya sha jijjiga a bayan babur, wataƙila ma an tsoma shi a ruwa don gwaji. Araha ba ta ado. Ƙwan da ya yi doguwar tafiya ma, ko da mai kyau ne, ana barinsa ya huta yini guda tsininsa ƙasa kafin a zuba.

Akwai kuma batun iri. Kajin gidan gona, na ƙwai da na nama, haɗe-haɗen jini ne daga iyayen da kamfanoni ke riƙe da su, don haka 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe daga ƙwansu ba su cika kamo iyayensu a yawan saka ko saurin girma ba. An samar da wasu nau'o'i a cikin gida Nijeriya, kamar ShikaBrown ta cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya, da FUNAAB Alpha ta jami'ar aikin gona ta Abekuta, da Noiler ta wani kamfani a jihar Oyo, kuma haƙƙin mai saye ne ya tambayi asalin ƙwan da ake tallata masa da ɗaya daga cikin waɗannan sunaye.

3. Zafi, danshi da juyi

Injin da ke da fanka a ciki ana saita shi a digiri 37.5, wanda ba shi da fanka kuma ana ɗan ƙara masa kamar digiri ɗaya, a auna daidai saman ƙwai, saboda iska mai zafi sama take taruwa. Tazarar da ƙwai ke jurewa ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Zafi ya ɗan yi ƙasa, ƙyanƙyasa ta yi jinkiri, 'yan tsakin su fito da laushin jiki. Ya ɗan yi sama, su fito da wuri da cibiya a buɗe ko ƙafa a karkace. Ya haura digiri 40 na wasu sa'o'i, su mutu a ciki. Lambar da ke haske a jikin inji ba abin dogaro ba ce ita kaɗai, kuma ma'aunin zafi na asibiti, wanda ake samu a kowane kemis, ya isa a gwada gaskiyarta. Ya kamata a kunna sabon inji babu komai a ciki na yini ɗaya ko biyu, a ga ya daidaita, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Danshi, wato yawan tururin ruwa a cikin iska, shi ne abin da aka fi jahilta. Ana son kashi 50 zuwa 55 cikin 100 a kwanaki 18 na farko, sannan a ɗaga shi zuwa kashi 65 ko 70 a kwanaki ukun ƙarshe. Hikimar ita ce, ƙwai yana buƙatar ya rasa kusan kashi 12 cikin 100 na nauyinsa ta hanyar tururi, don gurbin iskar da ke ɓangarensa mai faɗi ya girma, wanda a cikinsa ne ɗan tsako zai fara numfashi kafin ya fasa ɓawo. Idan danshi ya yi yawa gurbin ba ya girma, tsakon ya shaƙe. Idan ya yi kaɗan, fatar cikin ƙwai ta bushe ta manne masa, ya fasa ƙofa amma ya kasa juyawa. Saboda haka ruwan da inji ke buƙata da hunturu, lokacin da iska ke bushewa ƙarau, ya bambanta da wanda yake buƙata a watan Agusta, kuma takardar bayanin da ta zo da injin daga wata ƙasa ba ta san wannan bambanci ba.

Juyi yana hana ɗan tayi mannewa a jikin ɓawo. Inda babu na'urar juyawa, ana juyawa da hannu mai tsabta aƙalla sau uku a rana, ko biyar, adadin ya zama mara don kada ƙwai ya kwana a gefe ɗaya dare biyu a jere, kuma alamar fensir a ɓangarori biyu tana hana mantuwa. A rana ta 18 ake dainawa, a ƙara ruwa, a rufe inji.

Haska ƙwai kuwa shi ne idon mai ƙyanƙyasa. A rana ta bakwai, cikin ɗaki mai duhu, idan aka ɗora tocila a ɓangaren ƙwai mai faɗi, mai rai zai nuna ɗigo mai duhu da jijiyoyin jini ja sun bazu daga gare shi kamar saƙar gizo-gizo, wani lokaci har a ga yana motsi. Marar tayi zai haskaka tas. Wanda ya fara ya mutu kuma zai nuna jan zobe a kewaye. Wannan bincike ne ke raba gardama, domin idan yawancin ƙwai sun fito tas, matsalar ta zakara ce ko ta ajiya, idan kuma sun girma suka mutu daga baya, a binciki zafi da danshi. Wanda bai haska ba ba shi da hujjar zargin kowa. Ana sake haskawa a rana ta 14 ko ta 18, a fitar da matattu kafin su fashe su gurɓata sauran.

4. Wuta da bazara

Duk wanda ke zaune a Kano ko Gusau ko Bauchi ya san ba a yi wa wutar lantarki alkawarin kwanaki 21 a jere. Ɗaukewar sa'o'i kaɗan sau ɗaya ba ta cika kashe ƙwai ba idan aka bar inji a rufe aka lulluɓe shi da bargo, ba tare da toshe ƙofofin iska gaba ɗaya ba, amma ɗaukewar kullum tana tara rauni har ƙyanƙyasa ta lalace. Janareta da farashin fetur na yanzu yana cinye ribar tun kafin ta zo. Shi ya sa lissafin gaskiya na kuɗin inji dole ya haɗa da batir da farantin sola, kuma inji mai amfani da batir kai tsaye ya fi dacewa da wannan yanki. Mai talla da ya faɗi farashin akwati kawai, ya yi shiru kan wannan, bai cika amana ba.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ƙananan injuna ɗumamawa kawai suka iya, ba su iya sanyayawa ba. Idan zafin ɗaki ya kai digiri 40 da tsakar ranar Afrilu, cikin inji ma zai kai haka ko ya fi, ko da an saita shi daidai. Magani shi ne a ajiye shi a ɗaki mafi sanyi a gidan, irin ginin ƙasa mai kauri, nesa da taga da rufin kwano, ko kuma a haƙura da zuba ƙwai har bazara ta wuce.

5. Bayan an fasa ɓawo

Daga lokacin da tsako ya huda ɓawo zuwa fitarsa yana iya ɗaukar yini guda, kuma a wannan tsakanin yake janye ragowar gwaiduwa cikin cikinsa. Hannun da ya yi gaggawar ɓare masa yakan tsinka jijiyar jini, buɗe inji a kai a kai kuma yana busar da waɗanda ba su fito ba. Gwaiduwar nan tana riƙe shi kwana biyu ko fiye ba ci ba sha, don haka babu dalilin cire shi kafin gashinsa ya bushe.

Inji yana ƙyanƙyashewa, amma ba ya reno, kuma a nan ne asara ta biyu take. Ɗan tsako yana buƙatar ɗumin digiri 32 zuwa 35 a makon farko, a riƙa ragewa kamar digiri uku kowane mako. Halin 'yan tsakin ya fi kowane ma'auni bayani: idan sun cure wuri ɗaya suna kuka, sanyi suke ji, idan sun guje wa wuta suna haki, zafi ya yi yawa, idan sun bazu suna ci, an dace. Kaskon gawayi yana aiki, sai dai hayaƙinsa a rufaffen ɗaki yana kashe tsaki yana kuma cutar da mutum. Mazubin ruwa mai zurfi yana nutsar da su, shi ya sa ake zuba tsakuwa a ciki.

Sai rigakafi, wanda ya fi magani. Tsakon kamfani yakan zo da rigakafin ranar farko, na gida kuwa ba wanda ya yi masa. Cutar Newcastle, annobar nan da ke share kajin ƙauye musamman da hunturu, da cutar Gumboro mai kama ƙanana, suna iya ƙarar da wahalar wata biyu cikin 'yan kwanaki. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana samar da rigakafin kaji, har da nau'in na Newcastle mai jure zafi, kuma likitan dabbobi ne zai tsara lokutan bayarwa. Tun ɓullar murar tsuntsaye a jihar Kaduna a Fabrairun 2006 ya kamata a ce an daina shigo da ƙwai ko tsuntsu daga garken da ba a san lafiyarsa ba. Mai lissafin riba kuma ya tuna cewa kusan rabin abin da zai ƙyanƙyashe zakaru ne.

6. Wa ya kamata ya sayi inji?

Gidan da ke da kaji goma ko ashirin ba ya buƙatar inji. Kazar Hausa tana rufe ƙwai 10 zuwa 12, ba ta neman wuta, tana daidaita kanta da hunturu da damina, sannan ta yi reno ta koya wa 'ya'yanta tono, ta kuma kare su, don kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa. Manoman Katsina da Maraɗi sun daɗe da sanin cewa zabuwa ba ta da haƙurin kwanci, shi ya sa suke sa wa kaza ƙwan zabi ta ƙyanƙyashe ta rena. Gaskiya ne tana da naƙasu, domin watannin da take ɓatawa a kwanci da reno suna sa ƙwan da take sakawa a shekara ba ya wuce 'yan gomiya, yayin da ta gidan gona ke kusantar 300. Amma ana iya rage wannan da ƙaramin tattali: gurbi a inuwa, toka ko maganin da likita ya ba da don kwarkwata, hatsi da ruwa kusa da ita, akurki ko babban kwando da zai tsare tsaki daga shaho da muzuru a makonnin farko, da kuma kwantar da kaji biyu rana ɗaya don a haɗa wa ɗaya 'ya'yan, ɗayar ta koma saka da wuri. Akwai ma abin tsoro a yadda ake ta cakuɗa kajin gida da na gidan gona ba tsari, domin an zaɓi na gidan gona ne bisa rashin kwanci, kuma garken da ya rasa wannan hali ya koma dogaro da akwati da wuta.

Inji yana da muhallinsa inda ƙwai ya fi ƙarfin kaji, kamar lokacin sakar zabi da damina, ko wurin mai kiwon salwa da nau'o'in da ba su kwanci. A irin wannan hali, inji ɗaya mai inganci da sola a hannun mutum ɗaya da ya ƙware, wanda maƙwabta za su riƙa kai masa ƙwai suna biyan ladan kowane ɗaya, ya fi ƙananan injuna ashirin a gidaje ashirin, kuma ƙungiyoyin mata da na manoma suna iya haɗa kuɗi su yi hakan. Gwamnatocin jihohi da 'yan siyasa masu raba injuna da sunan tallafi ya kamata su haɗa da horo daga malaman gona, da batir da sola, da hanyar samun ƙwai mai zakara da rigakafi. Masu sayarwa kuma su buga bayanin amfani da Hausa, a boko da ajami, wanda zai faɗi yawan ruwan da ake zubawa da hunturu da na damina, da abin da za a yi idan an ɗauke wuta, da watannin da bai kamata a zuba ƙwai ba.